Na ce lambar ba ta rabuwa, ɗalibata ta raba ta a gaban aji

Wasiƙar wannan makon daga wata malama ta fito, mai koyarwa a ƙaramar sakandare ta 'yan mata. Ta roƙi kada a ambaci sunanta ko garinsu. Ga abin da ta rubuto, a taƙaice:

"Assalamu alaikum Anti. Ni tattalin arziki na karanta, amma da na kama aiki aka ce babu mai koyar da lissafi a aji biyu, aka miƙa mini. Shekarata ta biyu ke nan ina lallaɓawa. Makonni uku da suka wuce muna darasin lambobin firam, wato waɗanda ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya da kuma kansu, sai wata yarinya ta tambaye ni ko 1,000,001 tana cikinsu. Na gwada 2, 3, 5, 7, 11 da 13 a allo, babu wadda ta shiga, na ce musu firam ce, suka rubuta a littattafansu. Washegari yarinyar nan ta ɗaga hannu ta ce, 'Malama, ai 101 sau 9,901 ne.' Aji ya fashe da dariya. Raina ya ɓaci, na ce ta raina ni, na sa ta durƙusa har aka tashi. Da na koma gida na buga a waya, sai ga shi daidai. Tun ranar ba ta sake ɗaga hannu ba, ni kuma ban sake tayar da zancen ba. Idan na amsa kuskure a gabansu, ba za su daina ganin girmana ba? Har ina tunanin in roƙi shugabar makaranta ta sauya mini darasi."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki je ofishin shugaba. Aji za ki koma, da alli a hannunki, da wannan lambar.

Abu biyu ne a wasiƙarki, kuma kin ɗora nauyi a kan ƙaramin kin bar babban. Kuskuren da kika yi a allo ƙarami ne, zan nuna miki manyan da suka faɗa irin ramin. Durƙusar da yarinyar shi ne babba. Ta je gida ta zauna da takarda, ta yi aikin da babu wanda ya sa ta, ta kawo gaskiya, aka saka mata da gwiwa a ƙasa. Hakki ne a kanki, kuma na san kin san haka, don da ba ki sani ba da ba ki zauna kin rubuto mini ba. Abin da ya fi damuna shi ne sauran 'yan ajin. Sun ga abin da ya sami wadda ta bincika, kuma yara ba sa mantawa da irin wannan darasin.

Amma ba zan tura ki neman afuwa hannu rabbana ba. Ina so ki shiga ajin kin san lambar nan ciki da bai, domin tsoron da ke hana ki tayar da zancen rabinsa tsoron lambar ne.

Abin da kika yi da farko daidai ne. Lambar ta ƙare da 1, saboda haka mara ce, ba cika ba, 2 ba za ta shiga ba, 5 ma haka. Idan kika tara alƙalumanta, ɗaya da ɗaya biyu ne, don haka 3 da 9 sun fita. Ga wata dabara da za ki so: 7 sau 11 sau 13 shi ne 1,001. Saboda wannan, ana iya gwada su uku a lokaci guda. Ki yanka lambar uku-uku daga dama, ki riƙa tarawa da ɗebewa bi da bi. A nan 001, a ɗebe 000, a ƙara 1, an sami 2. Tunda 7 da 11 da 13 babu wadda ta raba 2, to babu wadda za ta raba uwar lambar. Har zuwa nan ba ki yi kuskure ko ɗaya ba.

Inda kika zame shi ne da kika yanke hukunci shaidu ba su gama shigowa ba. Ƙofa shida kika ƙwanƙwasa, ba a amsa ba, kika ce unguwar babu kowa. Tambayar da ya kamata ki yi wa kanki ita ce, sai an kai ina ake da ikon tsayawa? Tana da amsa tabbatacciya. Idan lamba ta rabu gida biyu, wato wannan sau wancan, ba zai yiwu duka biyun su zama manya ƙwarai ba. Dubu sau dubu miliyan ne, 1,001 sau 1,001 kuwa 1,002,001 ne, ya riga ya wuce lambarmu. Ke nan idan 1,000,001 tana da mai raba ta, dole ɗaya daga cikin biyun bai wuce dubu ba. Ba kuma kowace lamba za ki gwada ba, firam kaɗai, don idan 2 ba ta shiga ba, 4 da 6 da 8 ba za su shiga ba. Lambobin firam da ke ƙasa da dubu guda 168 ne. Sai an gwada su kaf, babu wadda ta shiga, sannan baki yake da izinin cewa firam ce. Ke kin tsaya a ta shida. Ta ashirin da shida ita ce 101. Taki ashirin ne tsakaninki da amsar, kuma waɗannan ashirin ɗin ne yarinyar ta taka, in dai ta wannan hanyar ta bi.

Na ce in dai, don akwai wata hanyar, kuma ina so ki tambaye ta wacce ta bi. Ki dubi wannan. 2 sau 2 sau 2 takwas ne, a ƙara ɗaya tara, 3 ta raba ta. 3 sau 3 sau 3 shi ne 27, a ƙara ɗaya 28, 4 ta raba ta. 4 sau uku a jere 64, a ƙara ɗaya 65, 5 ta raba ta. Goma sau goma sau goma dubu, a ƙara ɗaya 1,001, ga 11 ta shiga sau 91. Kin ga zaren? Duk lambar da aka ninka da kanta sau uku aka ƙara ɗaya, maƙwabciyarta ta gaba tana raba abin da aka samu. To miliyan mene ne in ba ɗari sau ɗari sau ɗari ba? Saboda haka 101 ba sa'a ba ce, dole ce. Har abokiyar ninkinta tana da tsari: dubu goma, a ɗebe ɗari, a ƙara ɗaya, 9,901. Kamar yadda 91 take ɗari, a ɗebe goma, a ƙara ɗaya. Da wannan za ki iya cewa biliyan ɗaya da ɗaya, 1,000,000,001, ita ce 1,001 sau 999,001, ba tare da kin taɓa kalkuleta ba. Idan yarinya 'yar aji biyu ta hango wannan da kanta, to baiwa ce Allah ya ajiye a ajinki. Idan kuma rabawa ta yi ta yi har sau ashirin da shida, to tana da haƙurin da lissafi ya fi buƙata fiye da kaifin ƙwaƙwalwa. Ko wanne ne, ba a durƙusar da mai shi.

Yanzu ga waɗanda suka riga ki. Pierre de Fermat, masanin shari'a ne a birnin Toulouse na Faransa, kuma yana cikin manyan masana lambobi da aka taɓa yi. Wajen 1640 ya lura da wani jeri: 3, 5, 17, 257, 65,537. Kowace ana samunta ne ta ninka 2 da kanta wasu adadin sau, a ƙara ɗaya. Duka biyar ɗin firam ne. Sai ya ce yana da yaƙinin duk waɗanda za su biyo baya ma haka suke. Ta gaba a jerin ita ce 4,294,967,297. Aka yi shekara kusan casa'in zancen yana nan yadda ya bar shi, sai a 1732 wani matashi ɗan shekara 25, Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan da ke aiki a Rasha, ya nuna cewa 641 tana raba ta: 641 sau 6,700,417. Ki lura da kamar da ke tsakaninku. Shi ya ga biyar sun tafi daidai ya yi zaton sauran, ke kin ga shida. Har yau kuwa ba a sake samun firam ko ɗaya a jerin nan ba bayan waɗancan biyar na farko. Sunan Fermat bai faɗi ba saboda wannan. Sunansa ma jerin yake ɗauke da shi.

Akwai kuma abokinsa Marin Mersenne, wanda a 1644 ya fitar da jerin lambobin da ya ce firam ne, cikinsu har da wadda ake samu idan aka ninka 2 sau 67 a jere aka ɗebe ɗaya, wato 147,573,952,589,676,412,927. A 1876 Édouard Lucas ya tabbatar tana rabuwa, amma bai gano da me ba. Sai a 1903, a wani taron masana lissafi a New York, Frank Nelson Cole ya fito da su: 193,707,721 sau 761,838,257,287. Ana ba da labarin cewa bai ce uffan ba, allo kawai ya nufa, ya lissafa lambar a gefe guda, ya yi ninkin a ɗaya gefen, suka zo daidai, ya koma ya zauna, zauren ya ɗauki tafi. Abin da ɗalibarki ta yi ke nan a ƙaramin ma'auni. A wancan zauren tafi aka yi.

Wannan shi ne abin da nake ƙauna a lissafi, kuma shi ne abin da ke firgita sabon malami. A nan shekaru ba sa yanke hukunci, digiri ma haka. Wanda ya zo da 101 sau 9,901 ya gama magana, ko da ɗan shekara goma sha uku ne. Mu kuma an raine mu a kan cewa yaro ba ya gyara wa babba, kuma akwai alheri mai yawa a tarbiyyar nan, ba na rainata. Sai dai malamanmu na addini ba su taɓa ɗaukar "ban sani ba" a matsayin faɗuwa ba. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba. Wa ya daina ganin girmansa? Da ranar nan kin ce, "Na gwada shida ba su shiga ba, amma ban gama ba, wa zai ƙarasa mana a gida?", da washegari yarinyar ta zo a matsayin wadda ta cika aikinku tare, babu dariya, babu ɓacin rai.

Tunda ta riga ta faru, sai a mai da lambar darasi guda cikakke. Ina ba ki shawara ki ware mata zama ɗaya, ku yi mata tambayoyi kamar baƙuwar da ake son sanin asalinta. Za ku tarar tana da abin faɗa da yawa.

Ki fara da abin da ido ke gani. Ko daga hagu aka karanta ta kamar boko, ko daga dama kamar ajami, 1000001 ce, ba ta sauyawa. 101 ma haka take. Yara suna son wannan.

Sannan ku ƙirga masu raba ta. Huɗu ne kacal: 1, 101, 9,901 da ita kanta. Dalili kuwa shi ne 101 firam ce, 9,901 ma firam ce. Kada ki faɗa musu ta biyun su rubuta kawai, kin ga inda wannan ya kai mu. Ki raba ajin rukuni-rukuni. Ɗari sau ɗari ya wuce 9,901, don haka firam 25 da ke ƙasa da ɗari kaɗai za a gwada, daga 2 zuwa 97. Rukuni biyar, kowanne biyar, cikin kwata ɗaya an gama, kuma a karon farko za su ce "firam ce" da bakin wanda ya tabbatar. Don su ji abin a jikinsu, ki ce musu an ba su naira miliyan ɗaya da naira ɗaya su raba daidai ba canji. Mutum biyu ba za su iya ba, goma ba za su iya ba, hamsin ba za su iya ba. Sai mutum 101 kowa ya ɗauki 9,901, ko mutum 9,901 kowa ya ɗauki 101, ko kuma a tara mutum miliyan ɗaya da ɗaya a bi su da naira ɗai-ɗai.

Ku leƙa maƙwabta. Miliyan cif, wadda tazarar ɗaya ce tsakaninsu, tana da masu raba ta har 49, domin 2 ce sau shida da 5 sau shida aka ninka. Taki biyu gaba da lambarmu kuwa, 1,000,003, firam ce ta gaske, ita ce ma ta farko bayan miliyan. Ta ƙarshe kafin miliyan ita ce 999,983, kuma gaba ɗaya firam 78,498 ne ke ƙasa da miliyan. Gida uku a layi ɗaya, wannan 49, wannan huɗu, wancan biyu. Daga ganin fuska ba a gane ko wacce.

Akwai wani tsohon rabe-raben da nake so ki nuna musu, don yana da daɗi kuma ba ya buƙatar komai sai tarawa. A ɗauki lamba, a tara duk masu raba ta ban da ita kanta. Idan jimlar ta zo daidai da lambar, kammalalliya ce: 6 ita ce 1 da 2 da 3, 28 ita ce 1, 2, 4, 7 da 14, sai 496 da 8,128. Idan jimlar ta wuce, mai rara ce, kamar 12 da masu raba ta suka tashi 16. Idan ta gaza, mai giɓi ce. Wani Bagirke, Nicomachus, ya rubuta wannan wajen shekara ta 100 miladiyya, Sabit bin Ƙurra kuma ya fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na tara. Lambarmu mai giɓi ce ƙwarai: 1 da 101 da 9,901 sun tashi 10,003 kawai. Miliyan kuwa mai rara ce, nata sun kai 1,480,437. Idan wata ta tambaye ki amfanin sanin yawan masu raba lamba, ki tuna mata da rabon gado. Masu ilimin fara'il suna yawan kafa mas'ala a kan 6 da 12 da 24, saboda rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni suna fita daga irin waɗannan ba tare da karaya ba.

Wani rukunin lambobin da 1,000,001 take ciki kuwa shi ne na lambobin da firam biyu kaɗai suka haifa. Ninka 101 da 9,901 aikin minti ɗaya ne. Komawa baya, a ba ki jimlar a ce nemo iyayenta, shi ne ya kayar da ke a allo. Wannan bambancin, sauƙin tafiya da wuyar dawowa, a kansa aka gina tsarin kulle sirri na RSA, wanda Rivest da Shamir da Adleman suka fitar a 1977, ake kuma amfani da shi a intanet da katunan banki. Ana ɗaukar firam biyu masu ɗaruruwan alƙaluma a ninka su, a bar jimlar a fili, don an san gano iyayen ya fi ƙarfin kwamfutocin da ake da su. A 2020 wasu masana suka fasa irin wannan lamba mai alƙaluma 250, sai da suka haɗa ƙarfin kwamfutoci masu ɗimbin yawa. Ki gaya wa yaran cewa abin da ƙawarsu ta yi da fensir ɗan ƙaramin samfuri ne na aikin da duniya ke tsare kuɗinta da wuyarsa. Ki kuma gaya musu farautar ba ta ƙare ba: a watan Oktoba na 2024 wani mai suna Luke Durant ya gano firam mai alƙaluma 41,024,320, ta cikin wani shiri na 'yan sa-kai da ke haɗa kwamfutocinsu tun 1996.

Saura yadda za ki yi da yarinyar. Ki fara kiranta ita kaɗai, ba a ofishin malamai ba inda idanu za su yi mata yawa. Ki ce mata a fili, "Ke ce da gaskiya, na hukunta ki ba da laifinki ba, ki yafe mini." Kada ki haɗa da "amma ke ma yadda kika faɗa". Ko da a ce akwai gyara a yadda ta yi magana, ba ranar ba ce. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, ƙanwata, balle ita ta riga ta durƙusa miki a kan gaskiyarta. Ki tambaye ta ko za ta yarda ta nuna wa aji yadda ta yi. Idan ta ji kunya kada ki tilasta mata, ki nemi izininta ki nuna da sunanta.

Sannan a gaban aji, tunda a gaban aji aka yi. Ki sa kowa ta buɗe shafin da ta rubuta "1,000,001 firam ce", ta ja layi a kai da hannunta, ta rubuta daidai a ƙasa. Wannan wajibi ne ko da babu zancen afuwa, don yanzu haka akwai ƙarya a littattafan yara da dama, kuma da ita za su shiga jarrabawa. Wataƙila wasu su yi murmushi. Ki bar su. Dariyar ranar farko ma ina kyautata zaton ta mamaki ce fiye da ta raini. Na daɗe ina koyarwa, kuma abin da na gani shi ne yara suna saurin gane malamin da ya san ya yi kuskure ya danne, wannan ne suke rainawa a ɓoye. Wanda ya dawo ya gyara, gaba in ya ce abu daidai ne sai su yarda, don sun ga ba ya kare ƙarya.

Game da cewa ba lissafi kika karanta ba, gaskiya ne an ɗora miki kayan da ba naki ba, kuma ba ke kaɗai ba ce a makarantunmu. Ki nemi malamin lissafi na manyan azuzuwa, ko a wata makarantar ne, ki riƙa zama da shi ko da sau ɗaya a mako kafin ki shiga sabon babi. Ki rubuta firam 25 na ƙasa da ɗari a kwali ki manna a bangon aji. Ki kuma kafa doka, ke ma ta hau kanki: babu mai cewa "firam ce" sai ta faɗi inda ta tsaya da gwaji da dalilin tsayawa a nan.

Ga aikin gida da za ki ba su a ƙarshen zaman, ki ba yarinyar nan ita ma. Lambarku tana da wata siffa da ban ambata ba. Ita ce 1,000 sau 1,000 a ƙara 1 sau 1, kuma ita ce 980 sau 980 a ƙara 199 sau 199. Ki gwada, 960,400 da 39,601 ne. Lambar firam ba ta taɓa fitowa ta irin wannan hanya iri biyu, sau ɗaya ne ko babu. Euler ya yi amfani da wannan a kan 1,000,009, wadda ita ce 1,000 sau 1,000 da 3 sau 3, kuma ita ce 972 sau 972 da 235 sau 235. Ke nan tana rabuwa. Ki ce su nemo da me. Ke kaɗai zan raɗa wa: 293 sau 3,413. Ki buga ki tabbatar kafin ki yarda da ni, kuma ki rubuto mini ki gaya mini hannun wa ya fara tashi.